Na'urar balan-balan ta meteo: in ta faɗo ana iya sake harba ta?

Ɗan Tibiri:
Salamu alaikum. Ɗan farin akwatin nan da ma'aikatan meteo, wato masu hasashen yanayi, ke ɗaura wa balan-balan su saki daga filin jirgin Yamai, in aka tsince shi a gonar gero, zai sake aiki ko ya zama shara?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunansa radiyosond. Allon cikinsa da GPS galibi lafiya lau suke saukowa. Abin da ke lalacewa shi ne siririn harshen da ya leƙo waje, mai auna zafi da laima. Ko ya lanƙwashe wajen faɗuwa, ko ƙurar hunturu ta manne masa. Ba zai yi shiru ba, zai ci gaba da aiko lamba, sai dai lambar ƙarya ce, kuma gara mataccen da wannan. Ƙirar Vaisala RS41 pil biyu take ci, AA na litiyom. Kada a sa mata na kanti: wajen kilomita 17 a sama sanyi kan kusa digiri 80 ƙasa da sifili, pil ɗin sai ya kwanta.

Malamar Kimiyya:
Wahalar ma ba a gyara take ba, a nema take. Balan-balan na hawa kamar mita 5 a daƙiƙa, yana kumbura har ya fashe wajen kilomita 30, iska kuma ta riga ta yi nisa da shi, wani lokaci fiye da kilomita 100. Da damina iskar sama daga gabas take busowa, don haka na Yamai yamma yake nufa, ba Maraɗi ba. Masu bin sawun akwatin suna kama saƙonsa tsakanin megahaz 400 da 406 da ƴar na'urar kama saƙon rediyo da ake kira RTL-SDR, su riƙe wurin ƙarshe da ya aiko kafin pil ya ƙare. Ko a Amurka, a shekarun baya da ake haɗa shi da ambulan mai adireshi don wanda ya tsinta ya mayar, kusan ɗaya cikin biyar ne ke komawa.

Mai Gyaran Rediyo:
Gaskiyarki, Malama. Wanda zai sake harbawa, ya fara ajiye na'urar a inuwa kusa da ma'aunin da aka yarda da shi, ya ga ko lambobinsu sun zo ɗaya. Balan-balan da zare sababbi za a saya. Haidurojin da ake hura balan-balan da shi kuwa ba abin wasa ba ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi kamawa, kuma sai da izinin hukumar jiragen sama ake saki.