Waɗanda suka taɓa taka daji a Gashaka Gumti ku zo ku ba mu labari

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne muke shirin zuwa gandun dajin Gashaka Gumti in ruwa ya ɗauke, amma fa ba tsaunin Chappal Waddi za mu hau ba, mita 2,419 ba wasa ba ne kuma gwiwata ta fara tsufa. Hanyoyin gindin tsaunuka muke so, daga ƙauyen Gashaka zuwa Kwano da kewaye. Duk wanda ya taɓa takawa da ƙafarsa don Allah ya faɗa mana yadda ya sha, ba labarin ji-ta-ji-ta ba.

Bajalinge: Wa alaikumussalam Malam. Ni na je sau biyu. Daga Jalingo za ku bi ta Bali ku sauka Serti, nan hedikwatar gandun take, nan za ku yi rajista a haɗa ku da renja, wato mai gadin dajin, don ba a shiga haka kawai. Amma in gaya maka gaskiya wannan maganar taka ta "gindin tsauni ne ai da sauƙi" ka ajiye ta a gida. Nima da ita na je. Hanyar Kwano hawa da sauka ce, ka hau tudu ka gangara rafi ka sake hawa, kuma ƙasan ya fi saman zafi nesa ba kusa ba, mu dai mun tashi bayan asuba sai wajen sha ɗaya muka isa, rigata kamar an tsoma ta a ruwa. Ku cire kuɗi tun daga gari, kuma ku yi sallama da iyali don in kun shiga ciki waya ta zama tocilan.

Mai Kambas: Hhhh ni nawa darasin a ƙafa na ɗauke shi. Sabon takalmi fil na saya saboda tafiyar, ban taɓa saka shi ba sai ranar, kafin awa biyu bororo ya fito min a dunduniya duka biyun, ɗaya ya fashe safa ta manne da shi. Yaron da ya ɗauko mana kaya kuwa takalmin roba ne a ƙafarsa irin na makiyaya, ga jaka a ka, in mun zo rafi ya ratsa abinsa ya wuce, ni kuma sai na zauna na kwance igiya na cire safa na tsallaka na jira ƙafa ta bushe. A rafi na uku ya kalle ni ya ce Alhaji ko in ara maka nawa? Na karɓa wallahi, kunya ba ta kai ni ko'ina ba.

Maman Biyu: Ni da maigidana da ƙanina muka je, kuma mata kar wanda ya tsorata ku, da dogon wando a ƙarƙashin riga da ƙaramin hijabi na yi tafiyata lafiya lau, dogon hijabi ne dai ƙaya za ta yi ta kamawa. Abin da ba zan manta ba shi ne wata safiya a kurmin Kwano, renjan ya ɗaga hannu ya ce mu tsaya, sai muka ji dum dum dum daga can cikin kwari sannan ihu ya biyo baya. Na ce masa akwai ƙauye ne a can? Ya yi dariya ya ce Hajiya biri mai ganga ne. Ashe chimpanzi suke kira haka, saiwar manyan bishiyoyi yake duka da hannu da ƙafa. Ba mu gan shi ba, sai sheƙarsa da ya nuna mana can sama, rassa ne ya lanƙwasa ya kwana a kai. Mun ga baƙaƙen birai masu farin gashi da dogon bindi dai, su kam suna ta tsalle a kanmu.

Bajalinge: Hajiya kin yi sa'a, ni zuwa biyu ko gangar ban ji ba.

Malamin Tarihi: Ɗan Zazzau ka ware rabin yini ka hau tudun da ke kusa da ƙauyen Gashaka ka ga kufan sansanin Jamusawa. Mutane na mantawa yankin nan a ƙarƙashin Kamarun Jamus yake kafin yaƙin duniya na ɗaya, daga baya Ingila ta riƙe shi, sai a ƙuri'ar 1961 ya shigo Najeriya. Gandun kuma a 1991 ya zama na ƙasa, shi ne mafi girma a Najeriya, ya ratsa Taraba da Adamawa. Duwatsu ne kawai suka rage a kufan amma in ka tsaya a wurin za ka gane dalilin da ya sa suka zaɓe shi, kwarin duk yana ƙarƙashin idonka.

Ɗan Mubi: Duk kuna ta yabo, ni da damina na je bisa taurin kai kuma na gane kurena. Kogin Mayo Kam ya cika ya batse, mun yi zaman jira a baki har la'asar, ciyawa ta fi ni tsayi ba ka ganin komai sai bayan na gabanka, ga ƙudan tsando yana cizo ta cikin riga. An ce min baƙin kaya da shuɗi ne ke jan shi, ni kuwa baƙar riga ce a jikina. Kun yi dabara da za ku jira rani, tsakanin Disamba da Maris ya fi, sai dai lokacin an ƙona ciyawa a wasu wuraren, kar wanda ya saka farar shadda.

Maman Biyu: Kuma ku tafi da rigar sanyi, da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara.

Ɗan Zazzau: Allah ya saka da alheri, na fasa sayen sabon takalmi, tsohon nan nawa zan kai a ɗinke. Mai Kambas, wancan naka lamba nawa ne? Akwai ɗaya a cikinmu da ba ya jin magana.

Mai Kambas: 43 ne, yana ƙarƙashin gado tun ranar, ya zo ya ɗauka kyauta.