Ƙanena yana koyon tuƙin jirgin soja, an sa ranar aurensa, hutu ya gagara

Assalamu alaikum. Don Allah masu 'yan uwa a rundunar sojin sama, ko waɗanda suka taɓa aikin, ku taimaka min da shawara.

Ƙanena ya gama NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, ya yi kashin farko na koyon tuƙi a kan ƙaramin jirgi Super Mushshak, yanzu ya koma kan jirgin koyo na gaba, L-39. Mu kuma nan Gwammaja iyayen yarinya sun sa rana mako biyu bayan Ƙaramar Sallah. An kai lefe, an buga kati. Da na tambaye shi yaushe zai zo, sai ya ce, "Yaya, ban isa in yi alkawari ba." Wai tashinsu da jirgi ya danganta da yanayi, kuma ƙurar hunturu ta cinye musu kwanaki, dole sai sun rama.

Ɗaurin aure bai dame ni ba, Baffa zai karɓa masa. Hajiya ce ta kafe sai ta ga autanta ranar, tun rasuwar Alhaji a kansa ta ɗora rai. Kullum sai ta sa ni na kira shi.

To, shin ɗalibai suna da tsayayyen hutun Sallah, ko sai dai fas, wato izinin fita, na kwana biyu zuwa uku? In ya rubuta wa kwamandansa yanzu, ana duba uzurin aure? Abin da ya fi tsorata ni, kada tafiyar ta sa a mayar da shi rukunin baya. In haka ne gara in je in roƙi surukai su ɗaga ranar, amma ina so in tabbatar kafin in buɗe baki.