Tukunyar Shisha a Falo, Mai Ciki a Gefe

Yaya Babba: Salamu alaikum. Jiya na leƙa gidan Auta a Malali, na tarar shi da abokansa sun kafa tukunyar shisha a falo, tagogi a rufe, Amarya na gefe tana yanka musu kankana da cikinta wata huɗu. Na yi magana, wai shisha ba taba ba ce. To ga shi nan, ku ji da shi.

Auta: Haba Yaya, sai kin tara min jama'a? Kuma ina nan kan bakana. Hayaƙin ta cikin ruwa yake bi, ya fito a wanke. Ƙamshin tuffa ma yake yi.

Anti Nas: Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ba ya shaƙe ka, kake zuƙa da yawa. Wannan abin mai danƙo da kake zubawa a kan tukunyar ganyen taba ne aka kwaɓa da zaƙi da ƙamshi. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zaman shisha ɗaya, mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100.

Auta: Tawa marar nikotin ce.

Anti Nas: Gawayin fa, shi ma marar hayaƙi ne? Shi ke fitar da iskar nan da ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, kuma jaririn ba shi da wata iska sai wadda jinin uwarsa ya kai masa ta cibiya. In da nikotin kuma, wato sinadarin taba mai sa mutum ya kasa dainawa, jijiyoyin mabiyiya su tsuke, abincin jariri ya ragu. Daga nan ake samun ɓari da bakwaini, ko mabiyiya ta saki kafin lokaci jini ya ɓalle. 'Ya'yan masu shan sigari kan zo da ragin kusan giram 200, kuma a ɗakin haihuwa duk wanda bai kai kilo 2.5 ba sai mun sa masa ido.

Gwaggo: Ku dai 'yan boko kun iya tsorata mutane. Marigayi kwali guda yake shanyewa a rana, na haifi tara, kowanne ƙato. Ga hayaƙin icce da muka sha a murhu.

Kawu: Yaya, Allah ya jiƙansa, amma a zaure yake sha. Ko kara ɗaya bai taɓa kunnawa a ɗakinki ba, ke ma kin san dalili.

Gwaggo: Ya isa!

Auta: To ai ita ba sha take yi ba, ni ke sha.

Amarya: Anti, gaskiya na ɗan ja sau biyu zuwa uku. Ƙamshin ne yake kwantar min da tashin zuciya. Yanzu duk hankalina ya tashi.

Anti Nas: Kwantar da hankalinki ƙanwata, gara da kika faɗa. Wadda ta daina da wuri, haɗarin yana raguwa sosai. Ranar awo ki gaya musu a asibitin Barau Dikko, kada ki ɓoye. Tashin zuciya kuwa, gwada citta, ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan. Kai kuma Auta, zama cikin hayaƙinka ma sha ne. Bayan haihuwa haka, don hayaƙin taba na cikin abubuwan da ke jawo mutuwar jarirai cikin barci.

Auta: Na mayar da tukunyar gareji, shi ke nan? Amma a amsa min: kaskon turaren wuta da Yaya ta kawo wa Amarya, da ruwa ake kunna shi?

Yaya Babba: Kai, kar ka haɗa turarena da ƙazantarka.

Anti Nas: Babu taba a ciki, amma a nan Auta ya kama ki, Yaya. Gawayi gawayi ne. A turara ɗakin tana waje, a buɗe taga kafin ta shiga.

Gwaggo: Yau kuma har turaren? Ni na tafi salla.