Wa ya taɓa kai littafinsa wurin edita? A taimaka mana da yadda aka ƙare

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Shekara huɗu ke nan ina rubutu a waya, ina saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Bana na ƙudurta sai na ga littafina ɗaya a takarda, wanda zan riƙe a hannu in kai wa mahaifina. Na ba wani tsohon malaminmu na sakandare babi biyu ya duba, ya dawo mini da su jajir da jan biro. Ya ce labarin ya yi, amma rubutun bai kai a shiga maɗaba'a da shi ba, in nemi edita. To ni ban san inda ake samun su ba, ban san nawa ake biya ba, kuma gabana yana faɗuwa in ɗauki wahalar shekara biyu in miƙa wa wanda ban taɓa gani ba. Don Allah duk wanda ya taɓa yi, ya faɗa mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Maman Biyu, Kaduna:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki biya kuɗi duka tun farko. Ni a Facebook na ga tallar wani, ya ce naira 25,000 zai tace mini littafi cikin mako uku. Na tura masa duka a ranar, don ina ɗokin in fita kafin salla. Mako uku ya zama wata uku. Yau wayarsa ta faɗa ruwa, gobe an yi musu rasuwa, jibi ba wuta. Da ya turo, shafi 40 na farko kawai ya taɓa, sauran yadda na ba shi haka ya dawo. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don kuɗin adashi ne na kwasa. Yanzu rabi nake bayarwa kafin alƙalami, cikon sai aiki ya zo hannuna na karanta.

Malamin Hausa, Zariya:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ni ina rubutu, kuma ina yi wa mutane gyara, don haka na ɗanɗana ɓangarorin biyu. Yawancin rigimar da nake gani tsakanin marubuci da edita daga wuri ɗaya take tasowa: ba a zauna an faɗi wane aiki za a yi ba. Kalmar "gyara" ce ke ruɗin mu, don aiki biyu ne a cikinta.

Na farko shi ne gyaran ƙa'idojin rubutu. Wanda ya saba rubutu a waya yakan haɗe abin da ya kamata a raba, ya kuma ƙi sa ƙugiyar haruffa irin su ɓ da ɗ da ƙ. Sai ki ga "bata zo ba", alhali "ba ta zo ba" ake nufi, ga kuma "ɓata" can gefe tana jiran mai karatu ya yi tuntuɓe da ita. "Bashi" daban, "ba shi" daban. "Akan yi haka" daban da "a kan tebur". Na taɓa gyara littafin da aka rubuta "sarki ya shiga fada" a wuri ɗaya, a wani wurin kuma "yara suna fada", duka biyun da harafi iri ɗaya, alhali na biyun faɗa ne. Wannan aiki ne na ido da haƙuri, kuma duk ɗalibin Hausa mai kula daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko wata kwalejin ilimi zai iya yi miki shi da kyau.

Na biyu shi ne gyaran labarin kansa, wato zubi da tsari, da jigo, da halayen taurari. Wannan ba kowane mai digiri ke iya shi ba, sai wanda ya karanta labarai da yawa har kunnensa ya san inda labari ya yi sanyi. Kuɗinsa ya fi yawa, lokacinsa ma haka.

A da, kamfanonin buga littattafai irin su NNPC ta Zariya suna da editocinsu, marubuci ya miƙa rubutu ne kawai su yi sauran. Tun da marubutanmu suka koma buga littafi da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, wannan nauyi ya dawo wuyan mai littafi. Shawarata, 'yar'uwa, ki ba shi babi ɗaya gwaji, ki biya ladan babin. Ki ce ya yi aikin a Word ya kunna Track Changes, yadda duk harafin da ya taɓa za ki gani, ki karɓa ko ki ƙi. Wanda ya ce shi sai dai ya turo miki gyararren fayil kawai, ki bar shi.

Ɗiyar Sakkwato:
Malam ya gama magana a kan Track Changes ɗin nan, don rashin sanin sa ne ya cuce ni. A littafina akwai wata tsohuwa, kakar tauraruwar, kuma da bakin kakata ta gaskiya na rubuta ta, Allah ya jiƙanta. In ta ga jikarta ta yi shiru sai ta ce, "Ɗiyata, mi ad damuwa? Taho ki hwaɗa min, wagga duniya ba a riƙe ta a ciki." Haka na rubuta, haka nake jin muryarta in ina bugawa, wani lokaci har sai na ajiye wayar na share hawaye.

Editan da na samu mutumin kirki ne, ya san aikinsa, bai ci mini ko kwabo ba. Amma ya bi duk maganar tsohuwar nan ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa. "Mi" ta koma "me", "wanga" ya koma "wannan", "shina" ya koma "yana". Da na buɗe fayil ɗin sai na ga kakata tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Na kira shi, ya ce ai ya ɗauka kuskure ne. Kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, don ban gaya masa ba. Mako biyu na yi ina ɗora tsohon fayil kusa da sabo, ina mayar da maganarta layi-layi.

Yanzu duk wanda zan ba aiki, sai na haɗa masa da takarda guda: bayanin marubuciya a bi ƙa'ida, amma abin da ke cikin bakin wance da wane kada a taɓa karin harshensu. Ina rubuta masa jerin kalmomin da na sa da gangan. In editan Bakano ne kuma labarinki na Katsina ne ko Gobir ko Bauchi, wannan takarda wajibi ce.

Baƙo daga Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Mu a Nijar da ƴ muke rubuta ƴaƴa, ku kuma a Nijeriya 'ya'ya. Editana na Kano ne, ya canza mini duka zuwa irin naku, alhali masu karatuna a Zinder da Maraɗi suke. Mun daidaita cikin sauƙi, amma da mun yi maganar tun farko da ba a yi aiki biyu ba. Sannan ku kula da wajen ɗab'i: bayan an gama gyara tsaf, kwamfutar mai buga littafin ba ta da rubutun da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, duk suka fito akwati-akwati. Allah ya sa na nemi a fitar mini da kwafi ɗaya na duba kafin a buga sauran.

Ummu Hanan:
Ni kam alhamdu lillahi, na dace. A zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano na haɗu da tawa. Na karanta gajeren labari, kowa ya yaba, ita kuwa bayan an tashi ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, labarinki a sakin layi na huɗu ya fara, ukun farko share fage kike yi." A ranar na san ita nake nema.

Mun fara da labarin da na shirya wa gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda a lokacin ba a wuce kalma 1,500. Nawa ya haura 2,300, kuma a ganina ba abin da za a cire. Ba ta goge mini ko kalma ɗaya da hannunta ba. Tambaya kawai take rubutawa a gefe: me wannan ƙawar ta ƙara wa labarin? Me ya sa aka faɗi zuwa asibiti sau biyu? Ni da kaina na yanke. Ban ci gasar ba, amma tun daga nan rubutuna ya canza.

Da muka zo babban littafi, ranar da ta gama karatun farko ta kira ni ta ce, "Ina jaririn da Hajara ta haifa a babi na 6?" Na yi shiru. Wallahi na manta da shi, har littafin ya ƙare ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma ɗaruruwan mutane sun karanta a waya ba wanda ya tambaya. Ta ce in cire babi uku na tsakiya, inda ake ta biki da kwalliya da lissafin kayan lefe. Na ji zafi ƙwarai, na yi kwana huɗu ban amsa saƙonta ba. Na cire biyu, na ce na ukun yana nan, don a cikinsa uwar miji ta fara nuna halinta. Ta sake karantawa ta ce na fi ta gaskiya. Abin da ya sa nake komawa wurinta ke nan, tana faɗin ra'ayinta ba ta ɓoyewa, amma ta san littafin nawa ne.

Maman Biyu, Kaduna:
Na manta ban faɗa ba. Ku da kuke sayar da littafi a guruf na kuɗi, kun san yadda fayil ke yawo in ya fita. Wanda ba ki sani ba, ki riƙa tura masa babi biyar-biyar, in ya dawo da su ki tura na gaba. Kuma ki tambayi marubuta biyu da ya taɓa yi wa aiki, da bakinsu, ba hoton yabo da zai turo miki ba.

'Yar Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na zauna na rubuta takardar da Anti ta Sakkwato ta ce, don ni ma akwai direban mota a labarina da ke magana irin ta 'yan tasha, ba na so a wanke masa baki. Na ware babi na 3 don gwaji, shi ne wanda na fi shakka a kansa. Anti Ummu Hanan, don Allah in editarki tana karɓar sabon aiki, ki yi mini magana ta gefe. Malam kuma, a wayata ban ga inda ake kunna Track Changes ba, ko sai na je shagon kwamfuta?