Hannun katako ko na ƙarfe: wanne ya fi fitar da sautin faifai?

Malam Kafinta, Daura: Assalamu alaikum jama'a. Na gama hannun garmahon da nake sassaƙawa, wato sandar nan da ke riƙe da allura a kan faifai. Na maɗaci ne, tsawonsa inci 9, na cire na alminiyom ɗin da ya zo da injin na ɗaura shi. Magana ɗaya zan faɗa kuma ina kanta: hannun katako ya fi na ƙarfe fitar da sauti. Muryar mawaƙi ta cika, wannan ƙarar mai tsini da ke sukar kunne ta kwanta. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Baba Alhaji, Ƙofar Soro: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa hannunka albarka. Ni kau ban yi mamaki ba. Kalangu da kotso da tambari duk itace ake fafewa. Abin da aka kaɗa da itace, itace ne zai fi sanin yadda zai maido shi.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, nan ne ban bi ku ba. Kalangu an yi shi ne don ya yi amo. Hannun garmaho kuwa aikinsa ya yi shiru. Allura ce kaɗai ake so ta motsa cikin layin faifai, kan da ke riƙe da ita ya tsaya cak, daga wannan motsin ne ake samun ɗan lantarkin da amfilifaya ke ƙarawa. Duk girgizar da hannun ya yi da kansa, ƙari ne a kan abin da aka naɗa, ko ragi. In hannun Malam yana da amo, to aibi ne, ko da ya yi wa kunne daɗi.

Malam Kafinta, Daura: Ai ka faɗi hujjata da bakinka, ƙanena. Ɗauki bututun alminiyom ka ƙwanƙwasa, za ka ji yana ta ƙara kafin ya mutu. Ƙwanƙwasa maɗaci, nan take ya shanye. Shi ya sa na zaɓe shi. Kuma ba ni na fara ba. Kamfanin Grado na Amurka ya sayar da hannun katako tun shekarun 1960. Frank Schröder a Jamus da hannu yake yin nasa, masu abin suna bin layi su jira. Akwai kamfanin Reed a ƙasar Lituweniya, su ma katako suke sawa. Duk waɗannan ba su san aiki ba ne?

Injiniya: Sun sani, Yaya, amma duba inda suka zuba basirarsu. Schröder gyaran agogo ya koya tun farko. Abin da ya fitar da sunansa shi ne hannun da ke rataye da zare, maganaɗisu na riƙe da shi daga ƙasa, babu boris ɗin da zai goga ko ya yi lako-lako. Katakon kashi ɗaya ne na aikin. A ɗaya ɓangaren ga hannun Rega RB300 da ya fito a 1983, alminiyom ne zubi ɗaya, ga SME Series V na maganiziyam, kuma babu wanda ya ce suna sukar kunne. Na yarda itace yana shanye girgiza, amma ƙarfe ya fi shi tauri, kuma ana iya cusa masa abin da zai kashe ƙarar a ciki.

Tambayata ita ce: nawa ne nauyin sabon hannun? Allura tana zaune ne a kan ɗan roba mai lanƙwasa. Nauyin hannu da laushin wannan robar su ne ke haɗuwa su ba da wata girgiza ta ƙasa-ƙasa, wadda ake so ta tsaya tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. In ta yi ƙasa da haka, faifan da ya ɗan karkace zai riƙa jefa allura. In ta haura, sai ta shiga cikin kiɗan ta kumbura shi. Ka canja nauyi, ka canja waya, ka sake saita allura, duk a rana ɗaya. Ta yaya muka san katakon ne ya kawo abin da kake ji?

Malam Kafinta, Daura: Ban auna ba, amma ya fi tsohon nauyi a hannu.

Oga Mai Gyara, Sabuwar Unguwa: To ka gani. Ni ba na shiga gardamar daɗin sauti, kowa da kunnensa. Abin da ke zuwa teburina nake magana a kai. Bututun ƙarfe yana kare wayoyin nan huɗu sirara daga ƙugin lantarki, katako ba ya karewa. In ba ka naɗe su da kyau ka haɗa wayar ƙasa ba, ranar da aka tada janareta za ka ji gurnani a sifika. Sai babbar matsalar, yanayinmu. Yanzu hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, itace ya tsuke. Bari Agusta ta zo ya sha danshi. A tsawo ba ya wani motsi, a kauri ne yake kumbura, kuma in jijiyarsa ba ta miƙe ba sai ya murɗe. Murɗewar da ido ba zai gani ba ta isa ta kwantar da allura gefe ɗaya, sifikar hagu ta fi ta dama. Malam, kai ka fi ni sanin yadda ƙyaure ke ƙin rufuwa da damina.

Malam Kafinta, Daura: Ƙyauren ɗanyen katako ke nan, Oga. Wannan daga tsohon gado na ciro shi, ya daɗe da gama motsinsa. Na tsaga shi bin jijiya, na shayar da shi mai, na rufe da kakin zuma har cikin ramin waya.

Oga Mai Gyara, Sabuwar Unguwa: Kaki yana rage saurin shan danshi, ba ya hanawa.

Baba Alhaji, Ƙofar Soro: Da ka nemi madobiya ko kanya, ɗana. Sun fi maɗaci ƙarfi.

Malam Kafinta, Daura: Ranka ya daɗe, madobiya ta yi wuya. An sare ta an yi ta lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu a 2016. Ba zan sa a sare ɗanya saboda sanda ɗaya ba. Kanya da ƙirya kuma nauyinsu zai yi wa allurata yawa.

Hajiya, Ƙofar Ƙaura: Sannunku da muhawara. Ni damuwata daban ce. Faya-fayen Shata da mahaifinmu ya bari suna hannuna, kuma in ɗaya ya lalace ba kanti zan je in sayo wani ba. Kuna ta maganar wanne ya fi daɗi. Wanne ne ba zai cinye mini faifai ba?

Injiniya: Hajiya, faifai bai san katako ko ƙarfe ba. Abin da ke cin sa uku ne: allurar da ta gaji, nauyin da ya wuce ƙima, da hannun da ke cijewa maimakon ya bi layi salin-alin. Yawancin allurai na yanzu so suke su danna faifai da nauyin giram 1.5 zuwa 2.5. Hannun da aka yi a masana'anta an riga an auna shi. Na hannu kuwa sai mai shi ya auna da ƙaramin sikeli, ya kuma duba kusurwar allura da takardar saiti.

Baba Alhaji, Ƙofar Soro: Ɗiyata, ki kuma duba irin faifan. Masu nauyin nan masu fashewa, masu juyi 78 a minti ɗaya, allurarsu daban ce, ta fi kauri. Garmahon da muke wanawa da hannu allurar ƙarfe ake sa mashi, a canja ta bayan kowane gefe. Kada ki yarda a ɗora masu juyi 33 ko 45 a kan irinsa, sau ɗaya ya isa ya gurje su.

Hajiya, Ƙofar Ƙaura: Na gode, Baba. To Malam, nawa ba za su hau hannunka ba sai ya ga damina ya fita lafiya.

Malam Kafinta, Daura: Kin yi daidai, Hajiya. Amma ban janye ba. Abin da kunnena ya ji, ya ji.

Injiniya: Ni ma ban ce ba ka ji ba, Yaya. Dalilin ne muke jayayya a kai. Ka zo da hannayen biyu. Allura ɗaya, faifai ɗaya, nauyi ɗaya, ƙarar sifika ɗaya. Oga ya riƙa canjawa a bayan labule, mu zauna ba mu san wanne ke kai ba, kowa ya rubuta abin da ya ji.

Baba Alhaji, Ƙofar Soro: A yi a zaurena, Asabar bayan la'asar.

Oga Mai Gyara, Sabuwar Unguwa: Zan zo da sikeli da takardar saiti. Malam, ka kawo dutsen nauyin da ke bayan kowane hannu, mai daidaita nauyin allura, kuma zan rubuta awon ranar mu ajiye, mu sake gwadawa a Agusta.