Abin da masu awon filaye a Maradi suka ce kan haƙƙin mai fili

Maganar da ta fi ɗaukar lokaci a zaman masu awon filaye na Maradi ita ce ta kafa turakun iyaka. An yarda cewa mai awo ba ya dasa turken siminti sai maƙwabtan fili na kowane ɓangare sun halarta, da mai unguwa ko wakilinsa, kowa ya sa hannu a takardar awon. Turken da aka dasa a bayan idon maƙwabci shi ne ke kai mutane kotu bayan shekaru, lokacin da shaidu sun rasu. A gonakin karkara kuma sai an bi ta hukumar filaye, Cofo, wadda ta samo asali daga dokar karkara ta 1993, domin ita ta san burtali da wuraren kiwo, waɗanda ba a sayarwa.

Sai batun na'ura. GPS na wayar hannu yana iya kaucewa da mita 3 zuwa 5. A fili mai mita 20 kowane gefe, kaucewar mita 3 a gefe ɗaya ta cinye murabba'in mita 60 cikin 400. Don haka a ɗaura awo a kan wata alama tabbatacciya, a sake auna tsallake daga kusurwa zuwa kusurwa kafin a zuba siminti.

Kuɗin aiki a faɗe shi tun farko, a ba da rasit. Mai awo ba dillali ba ne: idan yana da rabo a cinikin, ya janye. In takardar mai fili ta saɓa da abin da ke ƙasa, ya gaya masa a rubuce, kada ya matsa turke don a daidaita.