Neman shawara: kunnen Baba ya yi rauni, ga hajijiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Argungu nake. Shekara biyu ke nan kunnen hagun mahaifinmu yana ja baya, yana jin ƙara a ciki kamar injin ban-ruwa. Yanzu kuma hajijiya ta shigo. Shekaranjiya yana alwala sai ya saki buta ya rungume bango, ya ce ɗakin na juyawa, ya yi ta amai, sai bayan awa biyu ya dawo daidai. An auna jininsa, bai hau ba. Wasu na cewa iska ce. Hankalina ya tashi domin har yanzu yana zuwa fadama shi kaɗai. Ina za mu dosa?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Ji da daidaiton tsayuwa gida ɗaya suke. Can cikin kunne akwai 'yan bututu 3 masu ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya motsa, shi ya sa ciwon kunne kan taɓa duka biyun. Ki lura da tsawon lokacin. In ƙasa da minti 1 ne, kuma sai ya juya a shimfiɗa, yawanci 'yan tsakuwoyin kunne ne suka goce, likita na mayar da su ta hanyar juya kan mutum. Amma daga minti 20 zuwa awanni, ga ƙara ga toshewar kunne, ya fi kama da wani ciwon can cikin kunne da ake kira Meniere. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne zai tabbatar bayan gwajin ji. In ba ku samu kusa ba, akwai sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato. Kafin nan a rage masa gishiri da dunƙule. Kada ya daɗe kan ƙwayar jiri ta kemis, tana hana ƙwaƙwalwa sabawa. Amma in baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ɓarin jiki ya mutu, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Wani ɗan'uwa, Gusau: Ni sanƙarau ya ɗauke mini ji a 2017. Da rana ido na taimaka mini, amma duhu na yi sai tangaɗi. Ku ajiye masa tocila a gefen katifa, ku kafa ƙarfen dafawa a makewayi. Ku kuma tuna ko an taɓa yi masa allurar gentamicin ko streptomycin, suna iya lalata kunne, ku faɗa wa likita.

Wata Hajiya, Jega: 'Yata, a yi addu'a, a je asibiti. In ruku'u na tayar masa da jirin ya yi salla a zaune, addini ya yi sauƙi. Kwalekwale da bakin rijiya kuwa, ku roƙe shi ya haƙura tukuna.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Bara an yi masa allurai a ƙauye, zan nemo katin. Yayana zai kai shi ranar Litinin in sha Allah, ƙanenmu kuma zai riƙa raka shi fadama.